Maɓallan Kabewa a Slavar Baba

Darajar namiji tana cikin faɗin naman da yake gasawa. Wanda pleskavitsarsa, wato faifan niƙaƙƙen naman da yake gasawa, ta rufe faranti har ta leƙo waje, a ba shi mata, a ba shi amanar gari. Wanda tasa ta tsaya a tsakiyar faranti tana waige-waige, a sa shi a addu'a. Wanda kuwa yake yin abin da ke shigewa baki a loma ɗaya, wannan sai an binciki asalinsa.

Haka mahaifina Dobri ya koyar da mu, kuma a duk faɗin Leskovats ban taɓa jin wanda ya yi masa gardama ba. Ba don tsoro ba ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban garwashi yana murza niƙaƙƙen nama da albasa, har masu manyan motoci suna ratsewa daga babbar hanya don su ci na hannunsa, idan ya yi magana a kan nama sai a yi shiru. Matsalar Baba ita ce duk maganar duniya a wurinsa maganar nama ce.

Ni ce Nevena, 'yarsa tilo. Na yi karatun haɗa magunguna a Nish, ina aiki a kantin magani na bakin kasuwa. Shekarata ashirin da tara, amma Goggo Zorka, ƙanwar Baba, talatin take cewa, tana ƙara min ɗaya don ladabtarwa. Cikin duk samarin ƙasar nan, 'yan uwa masu karatu, sai na je na ɗauko wanda sana'arsa ita ce yin 'yan ƙananan baga na biki, burodi da nama a tsakiya, irin waɗanda ake tsire su da tsinke don kada iska ta ɗauke su.

Sunansa Kosta. Ɗan Kikinda ne, can arewa, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, mutane ba sa sauri, kabewa kuma ta fi mutum kima. Yana da ɗan shago a Nish. Ranar da na fara ganinsa ya shigo kantinmu da yatsa a ƙone, ya bi layi, ya bar wata tsohuwa ta wuce gabansa, ya gaishe ni, ya tambayi lafiyata, sannan ya ce, “Idan ba damuwa, ina jin hannuna yana ɗan cin wuta.” Da mutumin garinmu ne, da tun daga bakin titi za a ji ihunsa har da sunan uwar tukunyar. A nan na san na shiga uku.

Ranar aivar, wato ranar da muke dafa miyar gasasshen tattasai ta shekara, na fara kawo shi gida. Kun san yadda tsakar gidanmu yake a ƙarshen Satumba: buhunan jan tattasai jingine da katanga, murhun ƙarfe yana ci tun safe, mata sun zagaye baho suna ɓare gasasshen tattasai, yatsu sun yi baƙi, hayaƙi ya shiga gashi ba zai fita ba sai Kirsimeti. Kowa yana sanye da mafi lalacewar kayansa. Ni kaina wandon wasannin makarantar sakandare ne a jikina da tsohuwar rigar Baba. Sai ga Kosta cikin farar riga mai guga, da kwali a hannu an ɗaure shi da kirtani.

Goggo Zorka ta dube shi daga sama har ƙasa. “Nevena, likita kika kira mana? Waye ba lafiya?”

Baba ya taso. Ya miƙa masa muciya, ya nuna masa babbar tukunyar da niƙaƙƙen tattasai yake tafasa yana tsartuwa. Wanda ya taɓa juya aivar ya san hukunci ne. Idan ka tsaya ya kama, idan ka yi sauri ya fallatso maka. Kosta ya naɗe hannun riga ya fara juyawa, a hankali, kamar mai tuƙa kwalekwale. Har rana ta karkata bai canza hannu da ƙorafi ba, farar rigar nan ta koma kamar an yi yanka a kanta. Na ga Mama tana satar kallonsa. Na ga Baba ma ya ɗaga gira ɗaya, wanda a wurinsa daidai yake da lambar yabo.

Da ma a nan aka tsaya. Amma da aka zauna cin abinci sai Kosta ya kwance kwalin.

An jera su kamar ƙwai. 'Yan burodi masu launin rawaya, kowanne da ɗan nama a ciki wanda bai kai murfin kwalba ba. Baba ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana.

“Wannan maɓallin rigar waye?”

“Na ci ne, Baba Dobri.”

“Na ci. To ina sauran? Ko samfuri ka kawo, kayan suna hanya?”

Goggo ta fashe da dariya har da buga cinya. Maƙwabta suka taya ta. Shi kuwa Baba, idan ya ji dariya a bayansa, bakinsa ba ya iya tsayawa. Ya miƙe tsaye, ya ajiye maɓallin a kan tebur, ya ce, “Ku zama shaida. Muddin ina numfashi, abin da ake haɗiyewa a loma ɗaya ba zai hau teburina ba, mai yin sa kuma ba zai taka cikin gidana ba.”

Kosta ya rufe kwalinsa, ya sake ɗaure kirtanin da kyau, ya gode wa Mama, ya ce aivar ɗinta zai yi daɗi bana. Ya tafi.

To ga inda abin yake. Slavarmu, wato bikin waliyyin gida da kowane dangi yake yi duk shekara, ta Waliyiya Petka ce, a ƙarshen Oktoba. A wurinmu sau ɗaya ake gayyatar mutum slava. Idan maigida ya kira ka sau ɗaya, ya miƙa maka cokalin dafaffiyar alkama da hannunsa, shi ke nan, kai da wannan ranar har mutuwa, ba sai an sake aiko maka ba. Shi ya sa Baba ba ya wasa da gayyata. Saurayin da ya ci alkamar gidanku an san matsayinsa. Wanda bai ci ba, ko shekara goma kuka yi tare, dangi “wannan yaron” za su ci gaba da ce masa. Ni kuma na riga na gaya wa kaina: ba zan bar Kosta ba, kuma ba zan yi auren da Baba zai zauna a mota a ƙofar coci ba. Dole cokalin nan ya shiga bakin Kosta bana, daga hannun Baba.

Goggo Zorka kuma ba ta zauna ba. Tana da nata ɗan takarar, ɗan mahaucin layinmu, wani mai wuya kamar turmi. Kullum da safe sai wayata ta yi ƙara.

“Na ga Milisav yau ya ɗauki rabin sa a kafaɗa ɗaya. Yana gaishe ki.”

Na rubuta mata: “Ki gaishe min da san.”

“Ki yi ta wasa. Talatin ba ta jiran kowa.”

“Ashirin da tara, Goggo.”

“Da haɗin VAT.”

Mama ce ta gano ƙofar. Wata safiya tana tsaye a kicin da tabarau a kan hanci, tana duba kalandar coci da ke rataye a gefen firji, sai na ji ta ce, “Ikon Allah.”

“Mene ne?”

“Juma'a ta faɗo.”

Slavar da ta faɗo Laraba ko Juma'a ta azumi ce. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba cuku. Kifi da wake da kabeji, sai haƙuri. Ga sauran gidaje wannan ɗan takura ne. Ga Baba kuwa makoki ne, domin Baba, wanda nama yake yi wa biyayya kamar soja, bai iya kifi ba. Ba ya girmama shi, kifin ma ya sani. Slavar azumin da ta wuce, kuliyoyin unguwa sun shinshina ragowar suka koma gidan maƙwabta.

Mama ta cire tabarau. “Wancan yaron naki, yana iya yin maɓallan nan ba nama?”

“Mama, kin ji abin da Baba ya rantse.”

“Na ji. Ranar aurenmu ma ya rantse zai kai ni teku. Tambaye shi.”

Na rubuta wa Kosta. Ya ɗauki lokaci, kamar kullum. Ina kallon alamar yana rubutu tana zuwa tana ɓacewa har na gama shan kofi.

“Ina iyawa. Na mahaifiyata ne, da wake da kabewa. Amma sai da garwashi mai kyau.”

“Akwai tsohon magashin Baba a rumfar bayan gida.”

“Zai yarda?”

“Ba zai sani ba.”

“Zai sani. Amma to.”

Ranar slava na tashi na tarar gidan ya koma kamar na wasu. An shimfiɗa farin mayafin tebur mai aikin hannu wanda ba ya fitowa sai ranar, an fito da kofunan da ba a yarda mu taɓa ba, burodin slava yana tsakiya da adon kurciyoyi da zangarniyar alkama da Mama ta kwana biyu tana murzawa. Doguwar kyandir tana gaban hoton Waliyiya. Baba ya sa baƙar kwat ɗinsa ta aure, wadda maɓallinta na tsakiya yake riƙe da ikon Allah kawai. Ni na sa koriyar riga mai dogon hannu da 'yan kunnen kakata, na ɗaure gashi sama, na sa takalmin da na san zan yi nadamarsa kafin azahar.

Kosta ya shigo ta ƙofar lambu tun Baba yana coci. Da na leƙa rumfar girki da ke bayan gida, inda muke ajiye tukwanen aivar da tarkace, na tarar ya share wurin, ya wanke tebur, ya hura garwashi. Ana yayyafi, iska tana shigowa ta ko'ina, ganyen inabi ja da rawaya yana faɗowa a kan kwanon rumfar.

Ban taɓa tsayawa na kalle shi yana aiki ba sai ranar. Ya gasa kabewa tun a Nish, ya kwaɓa rabinta cikin ƙullun burodi har ya yi launin gwaiduwa ba tare da ƙwai ko ɗaya ba. Yana gutsuro ƙullun kamar girman lemon tsami, ya mulmula, ya zagaye shi da zare sau huɗu, ya ɗaure a sama. Idan ya kumbura a tanda sai zaren ya shiga jiki, ya fito da tsaga-tsaga. Ya warware zaren, ya soka ƙwayar kabewa ɗaya a ka. Sai ga 'yar kabewa a tafin hannunka, har da karanta.

Sauran kabewar ya haɗa da dafaffen wake, da albasar da ya soya har ta yi zaƙi, da tafarnuwa, da garin tattasai, da ɗan dankali don ya riƙe. Yana murzawa da gefen hannu, yana jira, yana sake murzawa. Ya shafa mai, ya jera su a kan ƙarfen Baba. Da hayaƙin ya tashi, wallahi sai da na waiga, na ɗauka Baba ne ya shigo.

“Aivar ɗin Mama a ƙasa,” ya ce, “yankan kokwamba mai tsami a sama. Miƙo min tsinke.”

Na miƙa masa. Hannunsa sanyi ƙalau ta baya, zafi ta ciki.

“Kosta, ka san yau ba a korar kowa. Ko ɓarawo ne ya buga ƙofa ranar slava, sai an shigar da shi an ba shi alkama. Ka wanke hannu ka zagaya ta gaba kawai. Baba ba shi da yadda zai yi.”

Ya juya ɗaya, ya juya na biyu, ya juya na uku. Na ce a raina yau sai na kashe mutumin nan.

“Idan na shiga ta nan,” ya ce, “Waliyiya ce ta shigar da ni. Ba babanki ba.”

Kada ku tambaye ni abin da na ce. Na koma ciki na gyara kwallin idona.

Baƙi suka fara zuwa bayan an yanka burodi an kunna kyandir. Kowa ya shigo ya ce barka da slava, maigida, Baba ya miƙa masa alkama, a zauna. Shi Baba ba zai zauna ba, haka al'adar take, muddin kyandir tana ci maigida yana tsaye yana hidima. A saman tebur aka ajiye kum Stoyadin, wanda ya tsaya wa iyayena a aurensu kuma ya riƙe ni ranar da aka raɗa min suna. A wurinmu ana iya yi wa ɗan'uwa musu, ana iya yi wa limamin coci, amma ba a cewa kum a'a.

Aka sha miya, aka ci kabeji naɗaɗɗe da shinkafa, aka ci wake. Sai kifi ya iso.

Zan yi wa mahaifina adalci: ya yi ƙoƙari. Ta waje ya yi baƙi, ta ciki yana nan kamar yadda Allah ya halicce shi. Mutane suka shiga tauna a hankali suna yabon mayafin tebur.

“Yaya,” in ji Goggo Zorka, tana ɗaga ƙaya da cokali mai yatsu, “wannan kifin a kogi ya mutu ko a hannunka?”

“Ci ki yi shiru.”

“Ina ci. Shi ne bai yarda ba.”

Yaran da ke ƙarshen tebur suka fara tambayar ko akwai burodi kawai. Kunnuwan Baba suka yi ja. A daidai nan Mama ta turo ƙofar kicin da ƙafa, ta shigo da babban tiren azurfa, ta ajiye shi a gaban kum ba tare da ta kalli kowa ba.

'Yan kabewa ne jere a kan ganyen inabi, suna tururi.

Idanu suka koma kan Baba. Rabin mutanen da ke wurin suna tsakar gida ranar aivar. Baba yana tsaye kusa da kyandir da kwalba a hannu, bai motsa ba.

Kum Stoyadin ba ya nan ranar aivar, kuma ba ya jin rabin abin da ake faɗa. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya yi murmushi, ya jefa a baki gaba ɗaya. Ya rufe ido. Ya ɗauki na biyu.

“Dobri.”

“Na'am, kum.”

“Wannan hayaƙin naka ne. Ko a kabari aka shinshina min zan gane shi.”

Baba ya ce, “Garwashina ne.”

“Aivar ɗin kuma na gidan nan.”

“Na gidan nan ne.”

“Kuma ba nama? Ka rantse?”

“Ba nama.”

“Kai, mutumin nan! Shekara da shekaru kana azabtar da mu da kifi, ashe kana ɓoye wannan. Kai ka yi?”

Na kalli Mama. Mama tana kallon rufi. Goggo Zorka ta jingina da kujera, ta harɗe hannu, fuskarta kamar ta wadda aka ba kyautar da ba ta roƙa ba.

Baba ya ce, “Na daɗe ina tunanin abin.”

Daga nan hannuwa suka yi wa tiren rubdugu. Yara suna faɗa a kan wanda ya fi kama da kabewa. Matar maƙwabcinmu ta naɗe biyu a takarda ta sa a jaka tana zaton ba a gani. Goggo ta fito da waya ta ɗauki hoto ta sama, ta ɗauka ta gefe, har da sa Baba ya matso kusa da tiren.

“Tawa slavar Laraba ta faɗo bana,” in ji kum, yana lasar yatsa. “Ta Waliyyi Dimitri, sati mai zuwa na sama. Ni ma azumi. Dangin matata duka za su zo daga ƙauye, ka san yawansu. Irin waɗannan nake so, Dobri. Da yawa.”

“An gama, kum.”

Tire na biyu ya zo, na uku ya zo. Da ya rage guda ɗaya tal, Baba ya ajiye kwalba, ya ɗauko faranti da wuƙa da cokali mai yatsu. A tsaye, a gaban kowa, ya yanka ɗan abin nan gida huɗu, kamar likita a ɗakin tiyata. Ya ci ɗaya. Ya jira. Ya ci na biyu. Ba wanda ya yi dariya, har Goggo. Da ya gama ya goge baki, ya ɗauki kwanon alkama da cokali mai tsabta, ya nufi ƙofar baya.

Na bi shi da takalmin nan nawa a cikin taɓo.

Kosta yana goge ƙarfen magashi da rabin albasa. Rigarsa ta jiƙe ta kafaɗa inda rumfar ke yoyo, leɓɓansa sun fara canza launi. Da ya ga Baba ya ajiye albasar ya miƙe sosai.

Baba bai kalle shi ba. Magashin ya kalla. Ya sa tafin hannu a saman garwashin, ya matsar da shi hagu, ya matsar dama.

“Ka tara wuta a gefe ɗaya.”

“E, Baba. Waken ba ya son wuta kai tsaye.”

“Na sani.” Ya janye hannunsa. “Wa ya ce ka goge da albasa?”

“Na ga ragowar ɓawonta a ƙasan ƙarfen. Na ce haka mai shi yake yi.”

Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ya ɗebo alkama, ya miƙa cokalin. Kosta ya goge hannu a gefen wando, ya yi alamar gicciye, ya karɓa.

“Barka da slava, maigida. Allah ya maimaita mana shekaru masu yawa.”

“Amin.” Baba ya karɓi cokalinsa. “Baɗi ba zan aiko maka da kowa ba. Ka san ranar.”

Ni dai na riƙe ginshiƙin rumfa. Na yi niyyar in yi kuka mai kyau, irin na fim, amma hancina ne ya fara zuba.

“Maganata ta ranar aivar kuma tana nan,” in ji Baba. “Mutane sun ji.”

“Tana nan, Baba.”

“Nan rumfa ce.”

“Rumfa ce.”

Baba ya dube shi a karon farko, ya ga yadda yake rawar sanyi. Ya ajiye kwano, ya ɓalle maɓallin nan na tsakiya wanda na ji kamar ya yi ajiyar zuciya, ya tuɓe kwat ɗin aurensa ya yafa masa a kafaɗa. Kosta ya ɓace a cikinta, mutum biyu irinsa za su shiga.

“Af,” in ji Baba, ya juya zai tafi. “Kum yana son irin waɗannan ranar slavarsa. Na ce masa zan yi.”

“Za ku yi, Baba.”

“Zan yi.”

“To sai in zo in riƙe muku faranti.”

“Ka zo da wuri. Farantan suna da yawa.”

Ya koma ciki da 'yar shara a cikin yayyafi, ƙirji a gaba, kamar wanda ya ci yaƙi. Mama ta aiko mana da miya da burodin slava. A kan buhun gawayi na zauna da koriyar rigata, muka ci tare, muna jin kum yana rera waƙa ta taga.

Yau jajibirin slavar kum. Kosta ya rufe shagonsa na Nish, ya mayar da wani bikin suna da aka riga aka ba shi ga abokin sana'arsa, ya shigo motar farko. Kabewa tana jibge a rumfa har ta kai gwiwa. Wake yana jiƙe a bahon aivar. Baba ya leƙo da safe, ya duba garwashi, ya ce a rage gishiri a abin da ba a sa wa gishiri ba tukuna, ya tafi shagon kofi. Wadda ke aiki a can ƙawata ce, ita ta rubuto min cewa ya tara mutane yana yi musu bayani: kowane jaki yana iya cika faranti, gwani shi ne wanda zai zuba maka amfanin kaka guda a loma ɗaya. Ta ce har da masu gyaɗa kai.

Ina zaune ina yanka zare sai wayar Kosta ta yi ƙara a kan tebur. Hannunsa duk kabewa, ya ce in duba masa.

Mahaifiyarsa ce, Anti Smilya, wadda ban taɓa gani ba sai a hoto, tana riƙe da kofin da ta ci a gasar girkin kabewa ta garinsu. Ta turo hoto. Tiren azurfarmu ne, Baba yana tsaye a bayansa, daga shafin Goggo Zorka. A ƙasa Goggo ta rubuta: “Sabuwar fasahar yayana Dobri. Babu irinta a duk ƙasar nan, har arewa.” Ta kuma bi ta manna sunan Anti Smilya a jiki, don kada hoton ya ɓata hanya.

Saƙon Anti Smilya layi biyu ne.

“Ɗaurin zaren nan na kakarka ne. Na sayi tikitin mota, gobe da rana ina Leskovats, ina so in gaisa da wannan mai fasahar.”

Na karanta masa. Na sake karantawa, ko zai ji da kyau. Kosta ya tsaya, ya kalli wayar, ya kalli kwat ɗin Baba da ke rataye a ƙusa, wadda har yau ba a ce ya mayar ba. Ya sa gwiwar hannu ya kifa wayar a kan tebur. Ya jawo wata kabewar ya dafe ta tsakanin gwiwoyinsa.

“Miƙo min babbar wuƙar,” ya ce. “Wannan tana da tauri.”